Maganin da Ba Ya Bin Arba'in

Kwanakin baya wasu samari biyu da suka gama makarantar kiwon lafiya suka zo gaishe ni. Muna cikin hira sai ɗayansu ya ce, "Baba, ai ku kun huta a zamaninku. Likita ya rubuta, ku miƙa ƙwaya, shi ke nan." Ban yi masa musu ba, don ba na son faɗin maganar da ban auna ba. Amma na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da idona. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Na yi karatun aikin magani a Zariya zamanin Turawa, na fito da takardar shaida, aka tura ni ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Ikara in goge a hannun wani dattijo, Baba Ɗanladi. Ranar farko na miƙa masa takardata da hannu biyu. Ya duba, ya ajiye a kan taga, ya ce, "Haruna, takardar nan ta iya karatu. Yatsunka fa, sun iya?" Sai ya ciro wata 'yar kwalba mai siririn ƙugu, da rairayi a ciki. In aka kifa ta, rairayin yana gama zuba cikin rabin minti. Wata guda cur bai bar ni na taɓa magani ba. Duk wanda ya shigo, ko ƙaya ce ta soke shi, sai in kama wuyan hannunsa in kifa kwalba in ƙirga bugun jijiya. Shi ma ya ƙirga. In muka saɓa da bugu biyu, a sake.

Sauran kayan aikinmu ba su da yawa: kofin awo, almakashi, tukunyar dafa allura, risho, bandeji, aidin, da manyan kwalabe na maganin tari da na ciki. Sai wani ƙaramin kabad mai kwaɗo, mabuɗinsa a wuyan Baba. A cikinsa ake ajiye dijitalis, ƙwayar ƙarfafa zuciya, a kwalba mai ruwan ƙasa. Ba mu da ikon fara ba wa kowa ita. Likita, wani Bature da ke zuwa rangadi sau ɗaya a wata, shi ke rubutawa. Mu ne masu ci gaba da bayarwa, mu ne kuma masu lura a kwana ashirin da taran da ba ya nan.

Masu buƙatarta ba sa ɓoyuwa. Mutum zai shigo yana haki kamar ya yi gudu, alhali daga kan jaki aka sauke shi. Ƙafafu sun kumbura, in ka danna ƙwauri da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci. Zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki. In aka dace, ƙwayar nan takan sa ta yi bugu mai ƙarfi a natse, fitsari ya zubo, kumburi ya saɓe. Sai dai tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kisa tazarar kaɗan ce ƙwarai.

Wani Bafulatani, Jauro Bello, shi ya fara nuna mini haka. Zai bi shanu kwana uku, ya ga ɗaukar kwalba wahala ce, sai ya haɗa na kwana ukun ya haɗiye a zama ɗaya. Aka kawo shi yana amai. Ya kama rigar Baba ya ce, "Malam, an yi mini sammu. Shanuna farare duk sun koma ruwan ɗorawa." Baba ya ce, "Shanunka na nan fari fat, Jauro, idonka ne ya sha magani." Na kifa kwalba na samu ashirin da uku. Doka ita ce, in bugu bai kai talatin ba a zubar rairayi ɗaya, ko ga amai, ko ga ganin rawaya, a dakatar da ƙwaya. Muka dakatar kwana huɗu, ya dawo daidai. Wannan dakatarwar an koya mana ita a makaranta, na kuma haddace ta. Abin da ba a koya mana ba shi ne dakatarwar da mutane ke yi da kansu a gida.

Bayan shekara biyu aka ba ni ɗakin magani na Makarfi in riƙe ni kaɗai. Baba ya ba ni kwalbar rairayinsa, ya ce shi yatsunsa sun daina buƙatarta. A bazarar farko, ranar da Likita ya zo rangadi, aka kawo wata mace a kan jaki daga wata unguwa ta bakin fadama, ta wajen hanyar Kudan. Sunanta Talatu, kwananta ashirin da huɗu da haihuwar ɗanta na huɗu. Mijinta Sule manomin rake ne, da rani yana dafa mazarƙwaila. Tare da su akwai ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Kande, wadda ita ce ungozomar unguwar, ita ke yi mata jego.

Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san jegon da nake nufi: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, kunun kanwa ƙwarya guda. Ban ce jego ne ke kawo ciwon zuciya ba, don mata da yawa sun yi sun tashi lafiya. Amma na lura masu jego sun yi yawa cikin masu kumburin da na gani, kuma kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, wannan kam an koya mana.

Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjin Talatu. Ya sa na tambaya, aka ce ta taɓa kumbura a haihuwar baya, ya saɓe da kansa. Ya rubuta allurar fitsari da ƙwaya ɗaya kullum. Sa'an nan ya yi bayani da Turanci ya ce in fassara: zuciyarta ta buɗe ta yi girma, ba ya zaton za ta koma yadda take, za ta sha ƙwayar nan shekara da shekaru, wataƙila iyakar ranta, kada a daina sai shi ya ce.

A nan na yi kuskurena, kuma ina so ku lura da irinsa. Ban yi ƙarya ba. Na dai ga nauyin in dubi mace mai ɗanyen goyo, a gaban mijinta, in ce mata iyakar ranta, kamar ni na san ranar. Sai na sassauta. Na ce, "Likita ya ce ciwon ya biyo jego ne. A bar kanwa, a rage wuta. Ƙwayar nan kuma a yi ta sha, har a ga abin da Allah zai yi."

Gwaggo ta ce, "A bar kanwa? Ɗan nan, kai da aka haife ka, uwarka ruwan sanyi ta sha?"

Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, na wannan karon ne."

"To, na ji. Sanyi in ya shige ta, kai za ka zo ka fitar."

Saboda nisa, ga damina ta kusa, Likita ya yarda a ba su na mako shida a kwalba ɗaya, da sharaɗin in riƙa zuwa duk mako. Na ƙirga arba'in da biyu sau biyu, na toshe da auduga, na rubuta sunanta a jiki.

Duk ranar Asabar sai in hau keke in tafi. Sule ya yi mini iso, Talatu ta miƙo hannu ta ƙarƙashin asabari, in ƙirga. Mako na farko talatin da takwas, na biyu talatin da shida, bugu mai kyau. Kumburi ya tafi, har tana ɗora tukunya. Gwaggo ta rage kanwa, ban ce ta daina ba.

Ranar arba'in kuwa kun san yadda ake yi. A kashe wutar gado, a kwashe toka, a kife tukunyar wanka, a zubar da sauran ganye da saiwoyi, mai jego ta yi kitso da lalle ta fita gaishe-gaishe. Duk abin da ya shigo ɗaki don jego, ranar yake fita. Ni da bakina na ce ciwon ya biyo jego. Gwaggo ta haɗa da kwalbar ƙwayar da na ba su.

Asabar ta zagayo na je. Na ce wa Sule, "Ana dai shan magani?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam, alhamdu lillahi." Gaisuwa ya amsa mini, ni kuma na ɗauka amsar tambaya ce. Na ƙirga, bugu daidai. Ban ce a nuna mini kwalba ba. Ga tarkon da ke cikin maganin nan: ba ya barin jiki ranar da aka daina shi. Yakan ɗauki kwanaki yana janyewa a hankali, mutum yana jin garau, mutanen gida suna cewa ai ga shi an daina ba abin da ya faru. Asabar ta biyu na samu arba'in da huɗu, na ce wataƙila aiki ta yi. Kafin ta uku aka sake kawo ta a kan jaki, Sule na tallabe da ita ta baya, kumburi har cinya, leɓɓa sun yi duhu.

Na yi mata allura, na jingina ta da bango, sa'an nan na ce, "Ina kwalba?"

Gwaggo ta ce, "Wace kwalba? An yi arba'in. Na zubar."

"Wa ya ce a zubar?"

"Wa ya ce kada a zubar? Maganin jego ne, jego ya ƙare. Ko a Zariya jegonku ba ya ƙarewa?"

Talatu tana numfashi da ƙyar, amma sai da ta sa baki. Ta ce, "Malam, kada ka ga laifin Gwaggo. Ni na ji Baturen nan ya yi doguwar magana, kai kuma ka faɗi gajera. Tun ranar na san akwai saura a bakinka."

Sai na faɗi sauran. Na ce zuciyarta ta gaji, gajiyar da ba ta bin arba'in, ba ta bin yaye. Na ce ƙwayar ba ta warkar da ita ba, riƙe ta take yi, kamar yadda ake tokare reshen da ya yi nauyi, in an zare sandar reshe ya karye. Za ta sha kullum, da azumi a sha da sahur, ranar biki da ranar makoki, har sai Likita ya ce a bari, kuma mai yiwuwa ba zai ce ba. Sule ya sunkuyar da kai. Talatu ta ce, "To, da ka faɗi haka ai da an huta. Ƙwaya ɗaya ce fa, ba dakan gero ba."

Wannan karon ta fi wata biyu kafin ta miƙe, kuma ba ta koma ɗaukar tulu ba. Ni kuma na canza aiki. Na daina tambayar ko ana shan magani. Sai in ce a kawo kwalba, in juye a tafin hannu, in ga abin da ya rage ya yi daidai da kwanaki. A jikin kowace kwalba ina rubutawa da ajami, don malamin unguwa ya iya karanta musu: ba a dainawa sai da izini.

Muguwar shekara ita ce ta biye. Tun farkon damina akwatin magani ya zo daga Zariya babu dijitalis a ciki. Aka ce kayan ba su iso daga teku ba, ban san gaskiyar wannan ba. Wata na biyu ma haka. Likita ya aiko da takarda: in tattala abin da ke hannuna, in dakatar da waɗanda suka fi ƙarfi in sa musu ido, in riƙe waɗanda ba za su iya ba. Ruwa kuma ya cinye hanya, motarsa ta daina zuwa.

Mutum biyar nake da su a kan ƙwayar. Na dakatar da uku, ina bin su da keke da kwalbar rairayi. Biyu daga ciki, wata mai jegon bara da wani maɗinki, ba abin da ya same su, har aka gama ba su sake buƙata ba. Na ukun, wani tsoho daga wajen Kudan, ya yi mako uku lafiya, sa'an nan ya kumbura. Na mayar da shi kan ƙwaya amma bai tashi ba. Ko rashin maganin ne, ko kwana ne ya ƙare, ba zan iya rantsewa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, da ido ban iya rarrabe wanda zai jure da wanda ba zai jure ba. Talatu kaɗai na sani tabbas, don an riga an gwada a kanta ba da niyya ba.

Na huɗun danginsa suka kai shi asibitin Zariya. Saura Talatu, ƙwaya kuma tana ƙarewa. Na tura keke cikin laka har Zariya, ma'aji ya buɗe mini kabad na gani da idona, wayam. Na bi ta Ikara, Baba Ɗanladi ya kife tasa kwalbar ta dijitalis a tafin hannu, ko gari bai zubo ba. Ya ce, "Je ka faɗa musu. Duka za ka faɗa, ban da gajera." Ashe labarin ya kai masa.

Na isa unguwar su Talatu da hantsi, Sule na fadama yana gyaran rake, aka kira shi. Muka zauna a zaure, Talatu da Gwaggo suna daga bakin ƙofar ciki. Na ce, "Ƙwayar da ta sha yau ita ce ta ƙarshe. Babu a Makarfi, babu a Ikara, babu a Zariya. Ban san ranar zuwanta ba. In ta yi kamar bara, muna da mako biyu, ko uku. A daina gishiri gaba ɗaya, ta daina aiki, zan riƙa yi mata allura. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

Sule ya ce, "Malam, ko Kano ne in tafi. In sayar da jakin."

Na ce, "Ba a kasuwa take ba, Sule."

Sai Gwaggo ta tashi tana dafa gwiwa, ta shige ɗakinta. Muna jin ƙarar kwanoni tana sauke jere. Ta fito da ƙullin tsumma, ta kwance, ta kwance wani a ciki, ta dire a gabana. Kwalba mai ruwan ƙasa, ga sunan Talatu da rubutuna.

Na ce, "Gwaggo, ba kin ce kin zubar ba?"

"Na ce. Kai kana ganin zan zubar da kwalba mai murfi? Na ɗauke ta ne daga ɗakin jego. Da ka tsare ni da ido a gaban mutane kamar alƙali, me kake so in ce?"

Na juye a hannu. Ashirin da shida. Ba wata doka da aka koya mini da ta yarda a ba mara lafiya maganin da ya shekara a cikin jeren tsohuwa. Na duba murfi, a toshe yake gam. Audugar a bushe. Ƙwayoyin ba su farfashe ba, ba su canza launi ba, ba wari. A iya sanina, irin wannan in ya tsufa ƙarfi yake ragewa, ba dafi yake ƙarawa ba, amma ban taɓa gwadawa ba, kuma na faɗa musu haka. Na rubuta wa Likita takarda na ba masinja, na san amsa ba za ta zo a kan lokaci ba. Talatu ta ce, "Malam, in kana jiran Bature, ni zuciyata ba ta iya jira ba. Miƙo."

Na ce za ta sha, amma da sharaɗi: ba ta haɗiye ko ɗaya sai na ƙirga. Kwana ashirin da uku ina fita bayan asuba, in tura keke inda laka ta hana hawa, in kama hannu ta ƙarƙashin asabari, in kifa rairayi, in danna ƙwauri, in ba ta ƙwaya, in komo in buɗe ɗakin magani kafin layi ya yi tsawo. Bugu bai sauka ƙasa da talatin da huɗu ba, bai haura arba'in ba. Idon sawu ya ɗan tasa a mako na uku, bai wuce nan ba. Saura ƙwaya uku a kwalba ruwa ya ja, mota ta shigo da akwati, da Likita a gaba. Ya karanta abin da na rubuta kullum, ya saurari ƙirjinta, ya ce da shi ne ma abin da zai yi ke nan, amma kada in mai da shi al'ada. Ban mayar ba.

Talatu ta sha ƙwayar nan shekaru masu yawa, ta ga auren yaron da ta haifa a wancan jegon. Na ji an ce yanzu akwai sababbin magunguna, har likitoci kan janye wa wasu wannan ƙwayar. Ba na musu, na ga masu jurewa da idona. Amma wanda zai janye, ya zama shi ne zai zauna ya lura makonnin da ke biye, don ranar da aka daina ba ta nuna komai. Kuma in likita ya yi doguwar magana, ku faɗe ta da tsawonta.

Ranar da na kai musu sabuwar kwalba, Sule ya ɗaura mini mazarƙwaila a bayan keke, ragowar ta rani da ya ɓoye. Gwaggo ta karɓi tsohuwar kwalbarta, ta ce za ta zuba kwalli. Ta rako ni har bakin zaure.

Ta ce, "Ɗan nan, da na zubar yadda na faɗa maka, da me za ka ba ta?"

Na ce, "Da ba ki ɗauke ba tun farko, Gwaggo, da ba ta kwanta wata biyu ba."

"To. Ni na ɓata, ni na gyara. Kai me ka yi a ciki? Ƙirga kawai."

Na ce, "Ƙirga kawai, Gwaggo."

Ta miƙo mini hannunta, duk jijiya. Ta ce, "To ƙirga nawa mu ji, tun da ka zo."

Na jingine keke, na ciro rairayi na kifa. Talatin da biyar. Na sake, don ban taɓa yarda da ƙirga ɗaya ba.